Agogon Alfarma Daga Teburin Karatu: Yadda Matasa Ke Haɗa Nasu Da Hannunsu

A watan Nuwamba na shekarar 2019 aka yi gwanjon wani agogon hannu ƙirar kamfanin Patek Philippe a birnin Janiba na ƙasar Siwizalan. An saye shi a kan faran miliyan 31 na kuɗin ƙasar, wato kusan dalar Amurka miliyan 31. Agogo guda ɗaya tak! Ko a bar maganar gwanjo, sabon agogon Calatrava, wanda yake cikin masu sauƙin fasali na wannan kamfani, kuɗinsa ya haura dala 25,000. Mu ɗalibai da ke lissafin kuɗin mota da na littafi, sai dai mu kalli hotonsa a waya mu wuce.

To amma akwai waɗanda kallon bai ishe su ba. A ƙasashe da dama, matasa da dattawa sun mayar da haɗa agogo abin sha'awarsu, kamar yadda wani kan so kiwon tattabaru ko ƙera motar gwangwani. Sukan sayi inji daban, gida daban, fuska da hannaye daban, su zauna a ɗakinsu su harhaɗa agogon da ya ɗauki kamannin waɗancan na masu hannu da shuni. Mu ma da wasu abokan karatunmu a jami'a mun shiga wannan sahu. A wannan makon mun kawo wa ƙannenmu na sakandare bayanin yadda abin yake, da darasin lissafi da kimiyya da ke ɓoye a cikinsa, da kuma iyakar da mai wannan sha'awa bai kamata ya tsallaka ba.

Wane ne agogon ado?

Agogon hannu iri-iri ne. Akwai na masu ninƙaya, akwai na matuƙa jirgin sama, akwai na 'yan wasanni. Wanda muke magana a kansa shi ne agogon ado, wanda ake ɗaurawa idan za a je biki ko babban taro. Siriri ne, yadda zai shige ƙarƙashin hannun riga ba tare da ya maƙale ba. Fuskarsa fes take, ba tarkacen rubutu. Sau da yawa hannu biyu ko uku kawai gare shi, maɗaurinsa kuma na fata ne. A yau faɗinsa yakan kama daga milimita 36 zuwa 40.

Ƙira biyu masu wannan sha'awa suka fi kwaikwaya. Ta farko ita ce Calatrava mai siffar da'ira, wadda ta fito a 1932. A shekarar ce wasu 'yan uwa biyu na gidan Stern suka sayi kamfanin Patek Philippe, kuma asalin sana'arsu ita ce ƙera fuskar agogo. Ta biyu ita ce Tank mai kusurwa huɗu, wadda Louis Cartier na Faransa ya zana a 1917, bayan ya ga siffar tankokin yaƙi na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ga shi an fi shekara 90 da fitowar kowaccensu, amma har gobe ana sayensu.

Wani abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne tarihin sana'ar a Siwizalan. A ƙauyukan tsaunukan Jura, manoma ne suka riƙa zama a gida lokacin sanyi, sa'ad da ƙanƙara ta rufe gonaki, suna ƙera ƙananan sassan agogo a bakin taga. Kamar dai yadda manomi a wajenmu kan kama saƙa ko ɗinkin hula da rani. Ke nan agogon da ake yi wa kallon na manya, a ɗakin talaka ya yi rarrafe.

Me ke cikin cikinsa?

Bahaushe ya yi wa agogo kirari da sarkin aiki, kuma lissafi ya tabbatar da haka. Injin agogo iri biyu ne: mai batir da mai wani.

Mai batir yana da wani ɗan mitsitsin dutse da ake kira kwatz. Idan lantarki ya ratsa shi, yakan yi rawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Ku ɗauki biro ku gwada: ku raba 32,768 gida biyu, ku sake raba amsar gida biyu, ku ci gaba har sau 15. Za ku ƙare a kan 1. Abin da na'urar cikin agogon take yi ke nan, sai ta tura hannun daƙiƙa gaba sau ɗaya. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da irin wannan agogon hannu a watan Disamba na 1969.

Mai wani kuwa ba ruwansa da batir. Idan ka murza ɗan kan da ke gefensa, kana naɗe wani dogon sifirin ne da ke cikin ɗan gwangwani. Sifirin ɗin yana so ya warware, sai ƙarfinsa ya bi ta wasu faya-fayai masu haƙora, wannan na juya wancan. Da za a bar shi haka, cikin ɗan lokaci zai warware gaba ɗaya. Abin da ke taka masa birki shi ne wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu, wanda yake kama haƙorin faifan ƙarshe ya saki, ya kama ya saki. Wannan kamawa da sakin ne ƙarar da muke ji idan muka kanga agogo a kunne. Mai ba shi umarni kuma wani zobe ne da ke lilo, ya juya dama ya dawo hagu, ɗaure da sifirin mai sirantar gashi. Masanin kimiyyar nan ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, shi ne ya fito da agogo mai wannan tsari a 1675. Ɗaliban kimiyya za su tuna da darasin jijjiga mai maimaita kanta da ake gwadawa da dutse rataye a zare. Ka'idar ɗaya ce.

Akwai kuma mai wana kansa. An ɗora masa wani ƙarfe mai nauyi, mai siffar rabin wata, wanda ke juyawa duk lokacin da ka motsa hannunka, yana naɗe sifirin ɗin. Idan kun ga an rubuta cewa inji yana da duwatsu 24, yaƙutu ne da aka sarrafa a masana'anta. An dasa su ne a inda ƙarfe ke juyawa don rage gogayya, ba su da tsadar yaƙutun sarƙa.

Injin da masu koyo suka fi saye shi ne NH35, daga rukunin kamfanonin Seiko. Yana bugawa sau 21,600 a awa ɗaya, wato sau 6 a daƙiƙa, sau 518,400 a kwana guda. Idan an cika masa wani yakan yi kimanin awa 41 yana aiki. Masu ƙera shi sun ce yana iya jinkirin daƙiƙa 20 ko saurin daƙiƙa 40 a rana. Kafin ku raina shi, ku tuna rana tana da daƙiƙa 86,400. Kuskuren daƙiƙa 20 daidai yake da kuskure 1 cikin 4,320. Wane ne a cikinmu ya taɓa cin jarrabawa haka?

Sai dai kaurin NH35 ya ɗan haura milimita 5, shi ya sa agogonsa kan yi tudu. Mai son siriri yakan nemi Miyota 9015 na rukunin kamfanonin Citizen, wanda kaurinsa milimita 3.9 ne, amma ya fi tsada. Akwai kuma ST36 na kamfanin Seagull da ke birnin Tianjin a ƙasar Sin. Shi wannan babba ne, faɗinsa ya haura milimita 36, domin an kwaikwayi ƙirar injin agogon aljihu ne. Sassansa manya ne, ido na ganinsu sosai, don haka ya fi daɗin koyo ga mai son kwancewa ya mayar.

Kayan haɗi da kayan aiki

Kayan haɗin su ne inji, da gida mai gilashi da murfin baya, da fuska, da hannaye, da ɗan kan murzawa tare da sandarsa, da maɗauri. Babbar doka ita ce kowane ɗaya ya dace da injin da ka zaɓa. Fuskar da aka fi ɗora wa NH35 faɗinta milimita 28.5 ne. Ramin hannun awa kimanin milimita 1.5 ne, na minti 0.9, na daƙiƙa kuwa 0.2. Hannun da aka yi wa wani inji ba lallai ya shiga wannan ba, kuma idan ka tilasta masa, ka yi asarar duka biyun.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙananan sukudireba, da hantsaki mai tsini, da gilashin ƙara girma irin wanda masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, da abin danna hannaye, da mabuɗin murfin baya, da ɗan magagari, da robar hura iska, da 'yan safar yatsu na roba. Mu dai kuɗi muka haɗa muka sayi saiti ɗaya muna karɓa-karɓa, domin kayan aikin ba sa ƙarewa da agogo ɗaya. Shawararmu a nan ita ce kada a bi mafi araha wajen hantsaki da sukudireba. Araha ba ta ado. Sukudireba mai laushin baki ita ce ke zamewa ta karce fuskar da aka sha wahala kafin a samu.

Yadda ake haɗawa

Da farko a share teburi, a shimfiɗa farar takarda, a rufe taga, a kashe fanka. Ƙura ce babbar abokiyar gabar wannan aiki. Duk wanda ya san hunturu a ƙasar Hausa ya san abin da muke nufi. Ƙwayar ƙura ɗaya da ta shige ƙarƙashin gilashi, kullum ka duba lokaci ita za ka fara gani. Kada kuma a hura da baki, domin danshin numfashi yana jawo tsatsa.

Sai a ɗora fuska a kan inji. A bayanta akwai 'yan ƙafafu da ke shiga ramukan da aka tanada. Daga nan sai hannaye, kuma a nan ake gane mai haƙuri. Idan injin yana nuna kwanan wata, a riƙa murza kan a hankali har lambar kwanan ta canza. Wannan shi ne ƙarfe 12 na dare a wajen injin. A daidai nan za a dasa hannun awa yana kallon 12, a bi shi da na minti shi ma a kan 12. In ba haka ba, agogonka zai riƙa canza kwanan wata da tsakar rana ko da la'asar. Bayan an dasa su, a juya su zagaye cikakke, a leƙa ta gefe a tabbatar ba sa gugar juna, ba sa gugar fuska. Duk zagaye 12 na hannun minti, hannun awa zagaye ɗaya zai yi.

Hannun daƙiƙa shi ne mai sa gumi. Ka tuna raminsa kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne, kuma za ka zaunar da shi a kan tsinin da da ƙyar ido ke gani. Wanda ya saba yakan yi shi cikin minti ɗaya. Sabon shiga yana iya shafe awa guda. Idan hannunka ya fara rawa, ka ajiye, ka sha ruwa, ka dawo.

Daga nan a zare sandar murzawa, a saka inji cikin gidansa, a mayar da sandar. Takan zo da tsawo fiye da kima, dole a rage ta. Masu wannan aiki sukan yanke ta da ɗan saura, su riƙa gogawa da magagari suna gwadawa, domin abin da aka yanke ba ya dawowa. A ƙarshe a hure ƙura, a rufe murfin baya, a ɗaura maɗauri. Agogon da aka haɗa a gida ba a gwada shi da na'urar auna shigar ruwa ba, saboda haka a riƙa cire shi kafin wanka ko alwala.

Sunan wa za a rubuta?

Yanzu mun zo inda magana take. A kasuwannin intanet, inda ake sayar da fuska marar rubutu, a nan ake sayar da mai ɗauke da suna da tambarin manyan kamfanoni. Kuɗinsu kusan ɗaya ne. Kowane mai haɗa agogo sai ya tsaya a wannan mararraba.

Kwaikwayon salo abu ne da kamfanonin agogo da kansu suke yi, kowa da sunansa a fuskar nasa. Fuska fara, da siraran hannaye, da maɗaurin fata, ba mallakin kowa ba ne. Suna da tambari kuwa suna da masu su, kuma doka tana kare su, har a Najeriya da Nijar. Ranar da ka manna sunan Patek Philippe ko Cartier a kan abin da ka haɗa a ɗakinka, ka ƙera jabu ke nan, ko da ba ka yi niyyar sayarwa ba. A Siwizalan, jami'an kwastam suna da ikon ƙwace agogon jabu su lalata shi, ko da guda ɗaya ne mutum ya sayo don kansa. Hatta rubuta cewa agogo ƙirar Siwizalan ne yana da sharaɗi. Tun daga 2017, sai aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙera shi an kashe su a cikin ƙasar.

Ko a ajiye doka gefe, mu duba abin da mai jabu ya cuci kansa da shi. Ya ɓata kwanaki yana aiki da hannunsa, amma idan aka tambaye shi, ba ya iya cewa shi ya yi. Dole ya ce saya ya yi, ko kawunsa ne ya kawo masa tsaraba. Gobe agogon ya bar hannunsa, wani ya sayar wa wani a matsayin na gaske, a cuci bawan Allah da aikinsa. Zanen aro ba ya rufe katara. Wanda kuwa ya bar fuskar ba rubutu, ko ya sa sunansa, ko na mahaifiyarsa, ko na garinsu, duk wanda ya tambaya zai ba shi amsa da ƙarfin gwiwa.

Shi ya sa da yawa daga masu wannan sha'awa sukan kai ga yin fuskar da kansu. Ana samun faifan tagulla da aka riga aka yanka daidai da injin. Sai mutum ya goge shi, ya fesa fenti, ya zana alamomin awa 12, kowace a tazarar digiri 30 daga 'yar uwarta, tunda da'ira digiri 360 ce. Ga aikin da akwatin lissafinku zai yi. Wanda yake kusa da dukawa kuma yana iya kai musu awo su ɗinka masa maɗauri da jar fatar akuya, irin wadda aka san Sakkwato da Kano da ita tun zamanin fataken Sahara. Agogo mai injin Japan da fatar gida, babu kantin da ke sayar da irinsa.

Waɗanda suka ƙera komai da hannu

Gaskiya ita ce abin da muka bayyana haɗawa ne. Ƙera kowane faifai da kowane noti daga ɗanyen ƙarfe wani mataki ne daban, kuma 'yan kaɗan ne a duniya suka kai shi. Fitacce a cikinsu shi ne George Daniels na Ingila, wanda aka haifa a 1926 ya rasu a 2011. A gidan talakawa ya tashi a Landan, kuma yawancin abin da ya sani shi ya koya wa kansa. Ya ƙirƙiro sabon tsarin taka wa inji birki mai rage gogayya, wanda kamfanin Omega ya fara sakawa a agogunansa a 1999.

Wani matashi mai suna Roger Smith ya karanta littafin da Daniels ya rubuta kan ƙera agogo, ya zauna ya ƙera agogon aljihu, ya kai masa. Daniels ya duba ya ce aikin bai yi ba, ya koma ya sake. Smith ya koma ya shafe kimanin shekara biyar yana ƙera na biyu, yana warwarewa yana sakewa, kafin dattijon ya amince da shi, daga baya ma ya ɗauke shi aiki. A 2023 an yi gwanjon wannan agogo na biyu a birnin New York a kan dala miliyan 4.9, kuma sunan Smith ne a jikinsa.

'Yan uwanmu mata, kada ku ce wannan fagen maza ne. A Birtaniya akwai Rebecca Struthers, mai ƙera agogo da gyaran tsofaffinsu, wadda ta samu digirin digirgir a fannin ilimin agogo a 2017.

Ta ina ɗalibi zai fara?

Kada kowa ya je ya tayar wa iyayensa hankali a kan kuɗin inji. Kayan daga waje suke zuwa, da dala ake sayensu, kuma kuɗin makaranta ya fi su muhimmanci. Matakin farko kusan kyauta ne. A nemi mataccen agogo a gida, a nemi izinin mai shi, a buɗe, a cire hannayen a mayar, a sake cirewa a mayar, har hannu ya faɗa. Kafin a cire kowane abu a ɗauki hotonsa ko a zana shi a takarda. Ƙananan sassa kuma a zuba su a murfin kwalba.

Mataki na biyu, a nemi malami. A yawancin manyan kasuwanninmu har yanzu akwai dattawa masu gyaran agogo, zaune da ɗan akwatin gilashi. Tun da wayar hannu ta zo, cinikinsu ya ja baya, masu koyo a wajensu ma sun yi ƙaranci. Ka je da ladabi ranar da babu makaranta, da sanin iyayenka, ka gaishe shi, ka ce: “Baba, ina so in riƙa zuwa ina kallon aiki.” Abin da zai nuna maka a wuni ɗaya, sai ka yi wata kana nema a bidiyo.

A kiyaye abu uku. Kada a ajiye agogo mai wani kusa da lasifika ko wani abu mai maganaɗisu, domin siririn sifirin nan yakan manne da kansa, agogo ya kama gudu. Kada a kankare fentin da ke haske cikin duhu a jikin agogon da ya tsufa ƙwarai, domin kafin shekarun 1960 an yi amfani da sinadarin radiyam mai cutarwa wajen haɗa shi. Sannan a ɓoye ƙananan batira daga inda ƙanne za su kai hannu, haɗiye su yana da haɗari sosai.

Hutun ƙarshen zango ya fi dacewa da wannan aiki, ba makon jarrabawa ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku roƙi malamin kimiyya ko na fasaha ya ba ku kusurwa ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje. Duk ƙungiyar da ta yi nasarar tayar da mataccen agogo, ko ta haɗa sabo mai ɗauke da sunanta, ta aiko mana da hotonsa da bayanin yadda ta yi, za mu buga a wannan shafi. Sai mun ji daga gare ku.